Surukin da ya zo jinya

Yayana bai iya zama ba. Tun muna yara haka yake, in ka gan shi a ƙasa to abinci yake ci, shi ma a tsugune, yana suɗe hannu ya miƙe. Ni aka sa boko, na ƙare a aikin gwamnati a Birnin Kebbi, na kama haya a Gwadangaji. Shi ya tsaya gida Argungu ya riƙe gonakin fadama da mahaifinmu ya bari, shinkafa da damina, shinkafa da rani, da ɗan fegin albasa don cefane. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma shi ya ɗauki ɗawainiyar karatuna bayan rasuwar mahaifinmu, don haka ko a bayan idonsa Yaya nake ce masa.

Bayan rashin zama, yana da ladabi irin wanda har yakan ba ni haushi. In babba ya shigo wuri, jikin Yaya ne ke fara tashi kafin hankalinsa ya san wa ya shigo. Wanda abin ya fi tsanani a kansa shi ne surukinsa, mahaifin matarsa, wani dogon tsoho manomin albasa a Augie, wanda yaran gidanmu ke kira Baban Augie. Shekaru sama da ashirin da auren, Yaya bai taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. In ya hango shi a kasuwar Argungu, tun daga nesa zai kashe mashin, ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a cikin ɓawon albasa da kashin jakai. Tsohon ma ba ya yi masa magana kai tsaye, sai ya dubi wani gefe ya ce a gaida mutanen gida. Na sha tsokanar matar Yaya cewa ranar da mijinta da babanta suka haɗu a kan kwalekwale, sai dai a tsamo mijin a ruwa.

Da rani abin ya faru, lokacin ban ruwa. Yaya ya ɗaure injin ban ruwa a bayan mashin zai tafi gona, wata motar albasa ta kauce wa rami ta ture shi, tayar baya ta bi ta kan ƙwaurinsa na dama. Ina ofis aka kira ni. Kafin in samu ɗan kabu-kabu an riga an wanke ciwon a asibitin Argungu, an ɗaure, an ce a wuce da shi Birnin Kebbi, wannan ya fi ƙarfinsu. A bakin ƙofar babban asibiti na tarye su. Da aka buɗe ƙafar na leƙa sau ɗaya, na fita na nemi bango na jingina.

Ƙashin ya karye gida-gida, amma ba shi ne babban tashin hankalin ba. Tayar ta kwashe fata da naman gaban ƙwaurin ta tafi da su. Aka shiga da shi tiyata aka kafa masa ƙarafa, waɗanda ake hudawa ta cikin ƙashi a haɗa su da sanduna daga waje, ƙafar ta koma kamar an kafa mata tsani. Aka yi ta komawa da shi ana wankewa, ana yanke naman da ya mutu. Da aka gama share abin da ba zai rayu ba, sai ga rami ya fi tafin hannuna, ƙashi fari tas a tsakiyarsa, babu abin da ya rufe shi.

A nan ne muka haɗu da likitan gyaran fata da nama. Gajere ne, mai ɗan tumbi da ƙananan hannuwa kamar na mace. Da na ga sunansa a jikin riga na shirya Turancina, sai ya buɗe baki na ji Kabanci, Hausar garinmu, wanda ko kakarmu sai haka. Ashe ɗan Yarbawan nan ne masu sayar da kwanuka a kasuwar Birnin Kebbi, a Badariya aka haife shi. Ya jawo kujera ya zauna daf da kan Yaya, ni da na yi boko ko kallona bai yi ba.

“Malam, ƙashi ba shi rayuwa tsirara,” in ji shi. “In ba a ruhe shi da nama mai jini ba, mutuwa za shi yi shi ruɓe, sai yankewa. Da naman sha-raɓar ƙahwar na da lahiya, da shi za mu juyo mu ruhe. To mota ta murƙushe shi. Abin da yar rage mamu, mu yi aro wurin ƙahwar hagu.”

Ya bayyana yadda za a yi. Za a ɗaga fata da nama daga sha-raɓar hagu, a bar gefe ɗaya a manne da uwarsa don jini ya ci gaba da shiga. Sai a gicciya ƙafafun biyu, a ɗinke wannan fatar a kan ramin ƙafar dama, a haɗa ƙafafun da ƙarfe. Haka zai kwanta kusan wata guda, har fatar ta fara shan jini daga sabon wurinta, sannan a yanke a raba su. Ni dai na saki baki. Ban taɓa jin an ɗinke mutum da kansa ba.

Yaya ya kalli silin, ya ce, “Likita, dashe dai za ka yi.”

“Dashe na,” in ji likita, yana dariya. “Sai dai ba mu tuge irin sai ya kama. Amma akwai sharaɗi. Ba motsi. Ba jan ƙahwa, ba yunƙurin tashi, ko wa yash shigo. In ɗinkin ga ya yage, aikin ya tashi banza.”

Yaya ya ce ya ji, ya yarda. Ni da na san halinsa, a raina na ce Allah ya sa.

Aikin ya ɗauki yini. Da aka fito da shi, ƙafafun na gicciye a cikin ƙarafa da bandeji, an bar wata ’yar taga da ake leƙa fatar. Na ga abin da ya ba ni mamaki a wurin mutumin nan mai ƙananan hannuwa. Ɗinkin ya zagaye ramin daidai wa daida kamar bakin hular da gwani ya yi, wurin da aka ɗebi fatar kuma an rufe shi da wata siririyar fata da aka yanko daga cinya. Tun da fatarmu baƙa ce ba a gane lafiyarta da ido, ma’aikatan jinya sukan taɓa su ji ɗumi, wani lokaci su ɗan soka allura. In jini ya fito ja, alhamdu lillahi. In ya fito baƙi-baƙi, a kira likita.

Sai ’yan dubiya suka fara sauka. Duk wanda ya san mutanenmu ya san ba a hana su dubiya. Mota-mota suke zuwa daga Argungu, da kwanukan tuwon shinkafa da soyayyen kifi da fura, kowa da maganin da aka yi wa wani ƙanin kakansa ya warke. Na mai da kaina ɗan sanda a bakin ƙofa, na yi faɗa da ’yan uwa har wata gwaggonmu ta ce boko ya cinye mini zumunci. Amma ina da ofis, ba kullum nake nan ba, kuma akwai fuskokin da ban isa in tare ba. Duk sanda wani dattijo ya yi sallama, sai in ga kafaɗun Yaya sun zabura, ya damƙe ƙarfen gado yana danne kansa, gumi na keto masa.

Baban Augie ya zo tun a kwanakin farko, lokacin Yaya bai san inda yake ba, ya yi addu’a ya koma. Zuwansa na biyu bayan ɗinkin ne da ’yan kwanaki. Da hantsi ne, ina tsaye ina juya kunu a kofi, na ba ƙofa baya. Na ji sallama, kafin in waiwaya na ji ƙarafa sun yi ƙara. Yaya ya dafa katifa da hannu biyu, ya ɗago, yana ƙoƙarin sauko da ƙafafunsa ƙasa. Na jefar da kofin na danne shi, amma an riga an makara. Bandejin ya fara ja daga gefe guda, yana faɗaɗa muna kallo.

Aka kira likita a guje. Kusurwa ɗaya ta ɗinkin ta yage. Ya gyara abin da zai gyaru, amma da ya soka allura a wannan kusurwar, jinin da ya fito bai yi wa kowa daɗin gani ba. Bai ɗaga murya ba. Ya cire safar hannu ya ce wa Yaya, “Malam, ƙahwa biyu gare ka, mun riga mun taɓa ta biyun. In wagga hwata tam mutu, ba ni da inda za ni sake aro.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fita baranda na tarar da matar Yaya tana kuka, na ce mata ladabin banza zai sa a yanke wa mijinta ƙafa, ta gaya wa babanta ya zauna gida, addu’arsa daga Augie ma tana isowa. Da ƙarfi na faɗa, kuma na san tsohon na jina, don yana zaune a gindin dogon yaro kusa da barandar. Ta share hawaye ta harare ni.

“Kai ka hwaɗa mai mana, tunda bakinka ya hi na kowa kaihi.”

Ban je ba. Likita ne ya je. Na ga ya ratsa tsakar asibitin da farar rigarsa, ya isa gaban tsohon ya tsuguna har ƙasa, ma’aikata na wucewa suna kallo. Na matsa kusa don in ji. Ya yi masa bayanin komai, yadda ya yi wa Yaya, bai rage ba kuma bai ce kada ya sake zuwa ba. Tsohon na saurare, yana murza gemu.

“Har yaushe za shi kwanta hakanan?” ya tambaya.

“Kusan wata guda, Baba.”

“In ya kwanta bai motsa ba, ƙahwar na tsira?”

“Ina sa rai, da yardar Allah. Nawa aikin na yi. Abin da yar rage, kwanciya ta.”

Tsohon ya jinjina kai, ya dogara sandarsa ya miƙe, ya fita daga asibitin ko ɗakin bai sake leƙawa ba. Na ce a raina an rabu da wahala, in ma fushi ya yi, ya huce a Augie.

Washegari da safe ina wurin Yaya ina shirin tafiya ofis, sai ga tsohon a bakin ƙofa. Tabarma a hammata, buta a hannu, ga ƙunshin kaya a kafaɗa. Bai yi sallama da ƙarfi ba, ya yafito ni da hannu ya ce a hankali, “Yaro, tahi ka riƙe mai kahwaɗu.” Na je na danne Yaya, wanda bai san dalili ba sai da ya ga mai shigowa. Tsohon ya shimfiɗa tabarmarsa a gefen gadon, ya ajiye buta, ya zauna ya miƙe ƙafafu, ya fuskanci bango.

“A hwaɗa ma mai ƙahwa,” in ji shi, da ni yake magana amma ɗakin duka na ji, “baƙo aka tashi mawa. Ni ba gaisuwa niz zo ba, jinya niz zo. Ba a tashi ma mai jinya. Nan ni ka zama har a raba ƙahwahun ga. Kai kuma tashi ka tahi wurin aikinka.”

Yaya ya jawo mayafi ya rufe fuskarsa. Ni kuwa na ɗauki jakata na fita, ina tunanin yau dai sai abin da Allah ya yi.

Da na dawo da la’asar na tarar da kwanukan abinci a rufe yadda aka kawo su. Yaya bai ci ba, bai sha ba, kuma tun safe yake riƙe da fitsari. Fuskarsa ta yi sharkaf da gumi. Yana ganina ya yi mini alama da ido. Na sunkuya zan jawo fo na fitsari daga ƙarƙashin gado, sai na ga babu, yana hannun tsohon. Tun ɗazu ya wanke shi ya ajiye kusa da shi yana jira.

“Bari, Baba, ni zan yi,” na ce.

“Daga ohis kake, kayanka masu tsabta na. Ja mamu labule.”

Na ja labulen, na tsaya a waje. Ina jin Yaya yana cewa, “Baba, ku yi mani rai, ku bari,” da wata murya da ban san shi da ita ba. Wannan ne karo na farko da na ji ya yi wa tsohon magana ba gaisuwa ba. Tsohon ya amsa masa, shi ma kai tsaye.

“Uwar matarka ta yi shekara kwance kahin ta rasu, ni niy yi mata wanga aiki, hannuna ya saba. Ɗiyata da jikokina ƙahwag ga ka ciyad da su. Kunya tana nan, ba inda za ta, in ka warke ka ɗauki abarka. Yanzu saki jikinka.”

Sai na ji kukan Yaya a hankali, sai kuma ƙarar fitsari a cikin fo. Na tsaya ina kallon silin don kada masu jinyar sauran gadajen su ga idona. Tsohon ya fito da fo a rufe da tsumma, ya wuce ni ya nufi bayan gida, yana tafiyarsa ta masu ciwon gwiwa.

Abinci ma da dabara ya shawo kansa. Likita ya ce fatar ba za ta kama ba sai da ci, ƙwai da kifi da wake. Kwanakin farko in an kawo abinci sai tsohon ya ɗauki buta ya ce zai sake alwala, ya daɗe a waje. Ban taɓa ganin mai sabunta alwala kamarsa ba. Daga baya ya daina fita, sai ya juya baya, ya ɗora kwanon kifi a cinya yana zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa tsokar ta bayansa ba tare da ya waiwaya ba. Yaya ya karɓa ya ci. Tsohon ya koyi yadda ake tallafe ƙarafan in za a gyara shimfiɗa, ya koyi shafa masa mai a baya don kada kwanciya ta yi masa gyambo. Dutsen taimama ma daga gonarsa ya zo da shi. Ma’aikatan jinya suka saba da shi har in sun zo soka allura sai su ce, “Baba, zo ka gani,” ya sa ido ya ce ja ne, su yi dariya.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya yi da ’yan dubiya. Ranar da kawunmu ya zo, wanda ni ban isa in hana shi shiga ba, ina nan. Yana yin sallama tsohon ya ɗora tafin hannu a ƙirjin Yaya ya danna, sannan ya dafa gado ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya girmi kawun namu da kusan shekara goma, amma ya rusuna masa.

“Ni nih hana shi motsi,” in ji shi. “Tashin da za shi yi maku, ga shi na yi.”

Kawu ya rikice, ya kama hannunsa yana cewa subhanallahi, don Allah ya zauna. Tsohon bai fasa ba. Haka ya riƙa yi wa duk wanda ya shigo, liman ne, mai unguwa ne, ko wani sa’an ɗansa wanda kawai ya girmi Yaya. Kowa ya yi sallama, dattijo mai furfura zai yunƙura ya tashi ya rusuna masa a madadin surukinsa. Ba a daɗe ba labari ya kai Argungu. Mutane suka koma leƙowa ta taga suna ɗaga hannu, ko su aiko da kwano su tsaya a gindin dogon yaro. Abin da na yi ta haƙilo a kai da faɗa da ɓacin rai, shi ya gama shi ba tare da ya ɓata wa kowa ba. Yaya kuwa, da hannun nan a ƙirjinsa, na ga kafaɗunsa sun daina zabura. Babban da ya fi kowa a wurinsa ya ce ya kwanta, sai ya kwanta.

Na zauna da manyan mutane a wurin aiki, na ga masu ilimi da masu mulki, amma ban taɓa ganin namijin da ya cika mini ido kamar tsohon nan ba. Albasarsa na gona lokacin cira, ya bar wa ’ya’yansa. Bayansa na ciwo, a kan siminti yake kwana. Ban taɓa jin ya yi tsaki ba, kuma ko sau ɗaya bai tayar mini da maganar da na yi a baranda ba. Iyakarta in na zo da rigar ofis ina ba da umarni, ya dube ni ya ce, “Sannu da aiki, ɗan sanda.”

Da lokaci ya matso, likita ya fara gwaji. Yakan matse gindin fatar ta wajen ƙafar hagu na ɗan lokaci, ya hana jini shiga daga can, ya soka allura ya gani ko tana samu daga sabon wurinta. Kullum yana ƙara tsawon matsewar. Kusurwar da ta yage ta mutu, ya yanke ta, amma ƙarama ce, ƙashi bai fito ba. Sauran fatar kuwa ko an matse, jini ja take bayarwa. Ranar da ya ce gobe za a raba, Yaya ya dube shi ya ce, “Ya kama ke nan?” Likita ya ce ya kama.

Aka shiga da shi da ƙafafu a haɗe, aka fito da su kowace a gefenta. Gwiwoyin sun sandare, sai da aka yi ta lanƙwasa su a hankali yana cije baki. Da aka buɗe bandeji bayan kwanaki, ramin nan da na leƙa na nemi bango ya rufe ruf da fata mai ɗumi, ta ɗan yi tudu kamar faci a jikin buhu. Tsohon ya sa tabarau ya duba da kyau, ya yi hamdala. Sai ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki buta, ya fuskanci bango kamar ranar da ya zo.

“A hwaɗa ma mai ƙahwa na tahi. Allah shi ƙara sauƙi.”

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, “A ce masu na gode.” Na raka tsohon tasha, na so in biya masa kuɗin mota ya ƙi.

Sauran jinyar a gidana ta ƙare, a Gwadangaji. Ƙashin ya yi nawar haɗewa, sai da aka sake shiga tiyata aka ɗebo wani daga ƙugunsa aka cike giɓin. Watanni ya yi da ƙarafa, sannan sanduna biyu, sannan ɗaya. Ya ishi matata da zirga-zirga a tsakar gida, har ta ce gara lokacin da yake a ɗinke. Da ya koma Argungu yana ɗingishi, ƙafar dama ta ɗan gajarce, idon sawun ba ya lanƙwasuwa sosai, amma tasa ce, kuma da ita ya koma fadama. Tsakaninsa da surukinsa komai ya koma yadda yake a da. Ba wanda ya taɓa ambatar asibiti a cikinsu, kamar ba a yi ba.

Damina biyu bayan haka Baban Augie ya rasu, bayan ’yar gajeriyar rashin lafiya. Na je jana’iza. Daga ƙofar gidansa zuwa maƙabarta akwai ’yar tafiya, ta cikin yashi da kunyoyin gero. A al’adarmu ba a barin mutum ɗaya da makara, kowa yakan sa kafaɗa ya ɗan taka, wani ya karɓe shi, don kowa ya samu lada. Yaya ya kama gaba ta dama tun daga ƙofar gida. Ya naɗe ƙafar wando saboda raɓa, ina bayansa ina ganin facin nan a ƙwaurinsa, makarar na ɗan karkata duk sanda ya taka ƙafar.

Wani ya matso ya sa hannu zai karɓa, Yaya bai saki ba. Wani ya sake zuwa, haka. Har wani dattijo, ƙanin mamacin, ya taɓa kafaɗarsa ya ce, “Kawo, ka huta ma ƙahwarka.” Yaya bai ko waiwaya ba, ya girgiza kai ya ci gaba da tafiya. Mutane suka dubi juna, sai suka ƙyale shi, suka riƙa karɓa-karɓa a sauran kusurwoyi uku.

Da aka sauke makarar a bakin kabari, rigar Yaya ta jiƙe da gumi. Na kama hannunsa na ce ya zauna. Ya zame hannun, ya tuɓe takalmi, ya shiga ramin tare da ’ya’yan mamacin, ya miƙo hannu biyu a ba shi.